Jan Silifa a Ƙofar Rediyo

"Umma, mutanen cikin rediyo suna ganin katifata?"

Ina tsugune ina ɗaure mata igiyar takalmin makaranta Lele ta yi mini wannan tambayar. Shekararta shida, kuma ba ta tambaya don wasa. Na ce mata babu mai ganin kowa ta rediyo, murya kawai ake ji.

"To ta yaya 'yan ajinmu suka san ina fitsarin kwance?"

Na saki igiyar. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta, ta ce jiya da aka fita tara wani yaro ya kira ta Bututu, sauran suka ɗauka, har da ƙawarta da suke zama benci ɗaya. Ta ce ita ba za ta sake zuwa makaranta ba, ko yau, ko gobe. Ta cire takalmin da na ɗaure ta tura shi ƙarƙashin gado.

Ban buƙaci wani ya gaya mini inda maganar ta fito ba. Mijina ne. A gida Abban Lele nake ce masa, amma gari duk Aku suke kiransa, saboda babu muryar da ba ya kwaikwaya. Shi yake gabatar da Tarkacen Safiya a ƙaramin gidan rediyon unguwarmu, shirin da ake zuba komai a ciki: waƙa daga ƙasar da ba mu san sunanta ba, sanarwar akuyar da ta ɓata, barkwanci, sai kuma a koma kan kansila da alkawuransa. Rediyon ba na gwamnati ba ne, ba na wani attajiri ba. Mutanen unguwa ne suka haɗa shi, kuma duk masu aiki a ciki suna da wata sana'ar. Shi kansa Aku da ya sauka daga shiri shagon gyaran waya yake wucewa.

Shekaranjiya ina kantin maganin da nake aiki, ina auna wa wata tsohuwa maganin tari, na ji shi yana magana a kan bututun ruwan da ya fashe a hanyar kasuwa. Da rana ba ya zuba, sai an wayi gari a tarar titi ya zama tafki. Ya yi muryar kansila yana rantsuwa an gyara, mutanen kantin suna ta dariya. Daga nan aka kira ni ciki ɗauko kwali, ban ji ƙarshen ba. Yanzu na kira maƙwabciyata ta katanga na tambaye ta. Ta yi ta kame-kame, sannan ta faɗa mini abin da ya ce:

"Bututun nan kamar Lele tawa yake. Da rana lafiya lau, da safe katifa sharkaf. Bambancinsu ɗaya, ita shekararta shida kuma tana jin kunya."

Maƙwabciyar ta ce, "Wallahi maganar ta yi daɗi, kowa ya gane kansila ake nufi."

Na ce, "Kansila ba ya ajinsu Lele."

Ni ba mai hayaniya ba ce. Matsalar fitsarin nan na daɗe ina bin ta a hankali: leda a ƙarƙashin zanin gado, rage ruwa bayan cin abincin yamma, tashinta ta zaga kafin mu kwanta. Likita ya ce zai wuce da kansa, abin da ba a so shi ne a kunyata ta. Na gaya wa Abban Lele wannan da bakina. Yana son yarinyar nan kamar ransa, ban taɓa shakka ba. Amma mutum ne da idan magana mai daɗi ta zo masa baki, sai ta fita kafin hankalinsa ya sa takalmi.

Na goya ƙaninta, na kama hannun Lele, muka fita. Na yi niyyar in same shi tsakanin waƙa da waƙa, in faɗa masa magana biyu a asirce, in wuce aiki.

Gidan rediyon ɗaki biyu ne a saman shagon wani tela. Na zaunar da Lele a bencin shagon, Tela ya ba ta ƙyallaye tana wasa da su. Rediyonsa na kan keken ɗinki, wata waƙa mai goge da ganga tana tashi, irin zaɓin Kawu Faifai. Kawu tsohon direban babbar mota ne, ya tara faya-fayai daga duk inda ya taɓa sauke kaya, kuma shi yake saka waƙoƙin shirin. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta rabinsu, amma sai ya gaya maka wannan ta soyayya ce, waccan mai ita yana kukan saniyarsa.

Akwai abin da duk mai hawa benen nan ya sani. Jar fitilar da ke nuna makirufo a buɗe yake ta ƙone tun bara, Injiniya, mai kula da na'urorin gidan, ya ce zai sa wata, bai sa ba. Sai suka kafa ƙusa a ƙofar ɗakin magana. Idan ka ga jan silifa rataye a ƙusar, ana kan iska, ko tari kada ka yi. Idan babu silifa, shiga abinka. Maɓallin kashe makirufon kuma ba ya ɗakin magana, yana ɗaya ɗakin, bayan gilashi, inda Kawu da Injiniya suke zama.

Na duba ƙusa da kyau. Babu silifa. Na leƙa ta gilashi, babu kowa a kujerun. Na tura ƙofa.

Abban Lele yana zaune a gaban makirufon da aka sa wa safa saboda iska, kwalayen ƙwai manne a bango ta ko'ina, kofin shayinsa ya huce. Ya ɗago ya gan ni, idonsa ya fito.

"Uwar Lele, muna..."

"Babu muna. Ni da kai ne."

Ya ɗaga hannu yana nuna mini wani abu. Na ce, "Sauke hannunka, Abban Lele, ba a shiri muke ba. 'Yarka ta cire takalmi ta ce ta bar makaranta. Bututu suke kiranta. Ka san wa ya raɗa mata sunan?"

"Don Allah ki tsaya, ki..."

"Na tsaya shekara takwas ina jin kaina a rediyo. Ka ce ina minshari kamar injin niƙa, na yi shiru. Ka ce girkina ya fi kasafin kuɗi wuyar ganewa, na yi dariya tare da mutane, don ni babba ce, na san wasa. Ita fa? Ka san tana tashi tun kafin ka farka, ta ja zanin gadonta da kanta ta kai baho, don kada Abbanta ya gani? Kai take ɓoye wa. Kai kuma ka ɗauka ka raba wa gari."

Hannunsa ya sauka. Bai ƙara ƙoƙarin tsayar da ni ba.

Na ce, "Ka ja kansila yadda kake so, shi ya nemi kujera. Lele ba ta tsaya zaɓe ba."

Sai na ji taku a matakala, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Lele ta tsaya a bakin ƙofa da jan ƙyalle a hannunta.

"Umma, ina jin ki a ƙasa. A rediyon Tela."

Na zo in rufe wa yarinya asiri, na ƙara buɗe wani da bakina, wanda ko uban bai sani ba. A daidai nan Kawu Faifai ya fito daga banɗaki yana gyara hula, ƙafarsa ta dama cikin shuɗin silifa, ta hagu cikin ja, yana ɗigar ruwa. Ashe nasa ne ya tsinke, ya ga waƙar doguwa ce, ya ari na ƙusa. Waƙar ta ƙare ta bar makirufo a buɗe. Injiniya kuwa yana kan rufi yana juya eriya.

Kawu ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙusa, ya dube ni. Ya ce, "Ai kuwa 'yata, na yi aika-aika." Ya juya zai je ya kashe.

Abban Lele ya ce, "Bar shi, Kawu. A nan na yi laifin."

Ya cire abin kunnensa, ya jawo makirufon ƙasa, ya durƙusa har kansa ya yi daidai da na Lele. Ya yi magana da muryarsa ta gida, wadda masu sauraro ba su cika ji ba, don kullum cikin ta wani yake.

"Lele, na ɗauki maganarki na ba mutane ba tare da na tambaye ki ba. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

Ta kalli safar da ke kan makirufo. "Suna ji yanzu?"

"Suna ji."

"Har 'yan ajinmu?"

"Suna aji yanzu. Amma iyayensu suna ji, kuma ba su iya riƙe magana ba, kamar ni." Ya share fuska. "Ga shi. Ni na faɗi naki. Ki faɗi nawa, duk wanda kika ga dama."

Na buɗe baki in hana, don ban ga yadda tonon asiri biyu zai gyara ɗaya ba. Amma ta riga ta matso. Ta kama makirufon da hannu biyu, ta sa baki dab da shi har ya yi ƙara.

"Abbana yana tsoron kyankyaso."

Kawu ya toshe baki da hula.

"Rannan ya gani a banɗaki, ya fito da tawul, ya hau kujera. Umma ce ta kashe. Ya ce kada a gaya wa kowa."

"Babba ne," in ji uban. "Jama'a, yana da fiffike."

"Ƙarami ne," in ji Lele.

Wayar shirin ta fara ƙara. Kawu ya ruga bayan gilashi da silifansa kala biyu ya haɗa kiran. Wani mai murya kamar tsawa ne, ya ce shi makaniki ne a bakin tasha. Ya ce a gaya wa yarinya shi sai da ya kai aji huɗu yana jiƙa tabarma, ga shi yau yana ɗaga injin mota da hannu. Ya ƙara da cewa Aku kuma ya shirya, akwai kyankyasai a garejinsa, zai aiko masa da kwali guda. Bayansa malamar su Lele ta kira daga ofishin malamai. Ba ta yi dariya ba. Ta ce a kawo mata ɗalibarta yanzu, kujerarta na nan, sauran kuma aikinta ne. Sannan ta ce, "Malam Aku, ni ma ina sauraronka kullum. Ka bar mana yara."

"Na bari, Malama," ya ce. Ya koma kujerarsa, ya mayar da abin kunne, muryar shiri ta dawo. "Ita Lele, na ba ta haƙuri. Bututun hanyar kasuwa kuwa ba zan ba shi ba. Shi ya girme ta, kuma har yau ko zanin gadonsa bai taɓa wankewa ba. Kawu, ba mu waƙa. Ka mayar da silifan mutane."

A matakala na tsaya na durƙusa, goyo yana jan mini ɗankwali. Na ce, "Lele, ni ma na faɗi maganar baho. Ban san ana ji ba."

Ta yi tunani. "Ke ba dariya kika sa aka yi ba."

Muka koma gida ta zaro takalmin daga ƙarƙashin gado. Na raka ta har ƙofar aji.

Ba zan ce komai ya wuce a ranar ba. Yaron nan ya sake ce mata Bututu sau biyu ko uku, har malama ta kira uwarsa. Amma yawancin yaran sun sami abin da ya fi daɗi. Duk sanda Abban Lele ya je ɗaukarta, sai su bi shi suna nuna ƙasa suna cewa ga shi nan, ga shi nan a ƙafarka, shi kuma ya yi tsalle ya kama ƙarfen ƙofa, Lele tana dariya har da riƙe ciki. Ledar tana nan a ƙarƙashin zanin gado, wani lokacin tana amfani, wani lokacin a'a. Sai dai yanzu idan abin ya faru ba ta tashi ita kaɗai. Ubanta take tayarwa, su ja zanin tare, ina jin su suna gardamar wa zai zuba sabulu.

A gidanmu kuma an kafa doka. Duk abin da ya shafi Lele, sai ya tambaye ta kafin ya fita, idan ta ce a'a, a'a ne. Ta hana shi da yawa. Ta bar masa labarin haƙorinta da ya fita, da sharaɗin ya ce ba ta yi kuka ba. Ni kuwa na saya wa 'yan gidan rediyon sabon ƙwan fitila na kai da kaina. Injiniya ya yi godiya sosai, ya ajiye shi a aljihun tebur. Har yanzu silifa suke ratayewa.

Ina son rediyon nan. Shi nake kunnawa da na buɗe kanti, kuma ba don shi ba da babu mai tambayar kansila komai. Amma ke da kike karanta wannan, idan a gidanku akwai mai bakin ba da dariya, ko a rediyo yake, ko a majalisar ƙofar gida, ko a waya, ki zaunar da shi tun yau ki gaya masa abin da yaro ya ɓoye ba kayan hira ba ne. Kada ki jira sai an tura takalmi ƙarƙashin gado. Idan kuma faɗan ya kai ki ɗakin rediyo, kada ki yarda da ƙusa. Ki fara duba ƙafar Kawu.