Rahoto na Huɗu

A benen nan mai hawa tara babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Mai Talabijin suke ce masa, wai shi kaɗai ne a duniya ake biya don ya zauna yana kallo. Sunan ba ya masa daɗi, amma ya gaji da musu. Ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, babu taga, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Alluna shida ne a bango, kowanne an raba shi gida huɗu. Kyamara ashirin da huɗu da ƙofofi goma sha ɗaya masu buɗewa da kati da ɗan yatsa, duk wurinsa suke kawo ƙara. Shi kuwa mutum ne mai son komai ya tafi a kan layi. Ko biro ya ajiye a karkace sai ya dawo ya daidaita shi.

Shi ya sa jininsa bai taɓa haɗuwa da na Baba Masinja ba.

Dokar babbar ƙofar gilashi ba ta da wuya. Ka ɗora kati, ka ɗora yatsa, ta buɗe, ka wuce kai kaɗai. In ta haura sakan goma sha biyar a buɗe, sai ƙararrawa ta kama tsuwa a ɗakin Mai Talabijin, irin tsuwar nan da ake ji a haƙori. Baba Masinja ya shekara ashirin da shida yana kai takardu a benen, tun zamanin da ake rufe ƙofar da kwaɗo, kuma duk safiyar Allah sai ya sa ƙararrawar nan ta yi kuka. Yana buɗewa sai ya tokare ƙofar da kafaɗa, ya tsaya jiran Inna mai goge-goge. Inna na da ciwon gwiwa, daga bakin titi zuwa ƙofar tafiya ce mai zaman kanta a wurinta. Ga shi sabulu da ruwan goge tayil sun cinye zanen yatsunta, sai ta ɗora sau takwas na'urar tana nuna mata ja.

Mai Talabijin ya yi masa magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tsohon sai ya washe baki ya ce, "A yi haƙuri, ɗana, gobe ba zan ƙara ba." Goben kuwa sai ya ƙara. Abin da ya fi ƙona masa rai, in Inna ta shige, sai tsohon ya ɗaga kai ya dubi kyamara, ya ɗaga mata hannu kamar wanda ya hango abokinsa a tasha.

Ya rubuta rahoto na farko, aka ja wa tsohon kunne. Ya rubuta na biyu, aka ba shi takardar gargaɗi. A na uku shugaban tsaro ya ce a cire katinsa daga babbar ƙofa, ya koma shiga ta baya inda ake sauke kaya. Ɗakin ya yi tsit, Mai Talabijin ya samu abin da yake so. Kwana tara bayan haka Baba Masinja ya tashi daga aiki ya kwanta ciwo, a daren ya rasu.

Sati uku da rasuwar, da ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Inna ce, tare da wata mata mai goyo, katin baƙi na reto a wuyanta.

Inna ta ce, "Ɗan nan, ga 'yar marigayi. Ta zo kwashe kayansa, na ce bari mu biyo ta wajenka."

Ya yi mata gaisuwa, idonsa a ƙasa. Ta amsa, sannan ta gyara goyonta ta ce, "Malam, wata alfarma na zo nema. Ina kwance a asibiti Baba ya rasu, an yi mini aiki an ciro wannan. Ba a gaya mini ba sai da na yi kwana goma. Ka san shi da ƙin hoto, ko ranar aurena juya baya ya yi. Duk gidanmu ba mu da komai sai na jikin katin aikinsa, shi ma ya koɗe. To Inna ta ce wai kuna da shi a nan, har yana tafiya."

"Doka ba ta bari a nuna wa kowa sai shugaban tsaro ya sa hannu, Hajiya."

"Zan jira shi. Ni dai ina so yaron nan ya tashi ya ga kakansa, ko sau ɗaya ne."

Ya nuna musu benci a bakin ɗakin, ya shiga ya tura ƙofa. Dubawa dai ba laifi ba ce, aikinsa ke nan.

Na'urar naɗar hoto kwana talatin take riƙewa. In ta cika sai ta koma kan mafi tsufa tana cinye shi awa bayan awa, tana ɗora sabo a kai. Ya buɗe kyamarar ƙofar baya, ya bi kwanaki taran nan ɗaya bayan ɗaya. An kafa kyamarar can sama don lambar motocin kaya, ba don mutane ba. Abin da ya samu shi ne saman hula. Hula ta shigo, hula ta fita. A rana ta shida hular ta tsaya ta jingina da bango na ɗan lokaci kafin ta wuce, kuma shi yana zaune a kujerar nan ranar bai lura ba.

Ya shiga ƙirga kwanaki da yatsu kamar ɗan aji ɗaya. Ashirin da ɗaya da tara. Safiyar ƙarshe da tsohon ya shiga ta babbar ƙofa, inda kyamara ke daidai da fuskar mutum, yau take cika kwana talatin. Ya ja hoton baya har ƙarshe. Na'urar ta riga ta cinye ƙarfe shida zuwa bakwai na wannan rana. Bakwai zuwa takwas yana nan, amma da zarar agogon bango ya buga takwas shi ma ya tafi. Agogon kuwa yana nuna bakwai da minti talatin da takwas.

Ya kira shugaban tsaro, waya a kashe. Ya sake kira, haka. Sai ya tuna mutumin yana wurin taro, ba zai shigo ba sai goma. Kwafar hoto ba ta yiwuwa sai da lambar sirrin shugaban. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Duk sanyin ɗakin nan gumi ne ke bin bayansa.

Abu ɗaya ne ke hannunsa. Yana da ikon kulle hoto don kada na'ura ta taɓa shi, amma kwamfuta ba ta karɓar kulli sai da lambar rahoton karya doka. A rahotannin nan uku bai taɓa haɗawa da hoto ba, lissafin da ƙofar ke fitarwa ya ishe shi hujja. Ya buɗe lissafin wannan safiya. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: bakwai da minti arba'in da biyu, babbar ƙofa, a buɗe sakan arba'in da ɗaya. Ko a ranarsa ta ƙarshe a wannan ƙofa tsohon bai fasa ba. Shi ne dai bai rubuta ba, don an riga an yanke hukunci.

Ya jawo takardar rahoto a allo. Ya sha cika ta ba tare da ya ji komai ba, yau kuwa yatsunsa suka ƙi. Mutumin yana kabari, 'yarsa na zaune a bayan ƙofar nan, shi kuma zai sake rubuta sunansa a gurbin mai laifi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya dubi agogo, saura minti tara. Ya rubuta sunan. Ya rubuta laifin. A gurbin hukuncin da ya dace ya rubuta "babu". Kwamfuta ta ba shi lamba, ya liƙa ta a kan hoton, wani ɗan kwaɗo ja ya fito a gefe.

Da takwas ta buga ya zuba wa allon ido. Awar ta ɓace gaba ɗaya, sai ɗan guntun nan shi kaɗai a tsaye.

Goma da kwata shugaban tsaro ya shigo da takardar a hannu, fuska a ɗaure.

"Kai, lafiyarka ƙalau kuwa? Mutumin da ya yi sati uku a ƙasa kake kawo mini ƙararsa?"

"Yallaɓai, ba ni da wata hanyar ce."

Ya zayyana masa komai. Shugaban ya leƙa ya ga matar a kan benci tana jijjiga jariri, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Ya sa hannu, ya buga lambar sirrinsa, ya fita ya bar musu ɗakin.

Mai Talabijin ya ba ta kujerarsa, ya mai da hoton ya cika babban allo. Babu sauti. Ga Baba Masinja ya taho da jakar takardu a hammata, yana ɗan jan ƙafar hagu. Matar ta dafe baki.

"Tafiyarsa ce. Wallahi tafiyarsa ce."

Ya ɗora kati, ya ɗora yatsa, ya tokare ƙofar da kafaɗa. Ya tsaya yana duban titi, yana sosa gemu, ko a jikinsa. Can sai ga Inna ta shigo cikin hoton tana ɗingishi, ya karɓi ƙullin kayanta, ya faɗi wata magana, ta kai masa dukan wasa. Inna ta gaske, da ke tsaye a bayansu, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sannan tsohon ya ɗaga kai, fuskarsa ta cika allon, har giɓin haƙorinsa ana gani. Ya ɗaga hannu, leɓensa ya motsa.

Matar ta kwance goyon, ta juyo da fuskar jaririn wajen allo, shi kuwa barcinsa yake sha. Hawaye na zuba ta ce, "Me yake cewa?"

"Cewa yake a yi haƙuri, gobe ba zai ƙara ba." Ya juyo wajenta. "Da ni yake. Hajiya, ni na kai ƙararsa har aka mai da shi ƙofar baya. Wannan ma da kika gani, sai da na sake kai ƙararsa yau kafin na samu na tsare miki shi."

Ta dube shi. Ya so a ce zaginsa ta yi.

"Ashe kai ne. Ai ya ba ni labarinka a waya. Ya ce akwai wani ɗansa a ɗakin kallo mai yin aikinsa tsakani da Allah, shi ne dai tsohon banza da ba ya jin magana." Ta share ido da bayan hannu. "Don Allah a sake maido mini shi daga farko."

Sau bakwai ya maido mata. Ya kwafa mata a wayarta, ta yi godiya har ya rasa inda zai sa kansa. Bayan sun tafi ya zauna shi kaɗai, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Washegari ya rubuta takardar neman a ba Inna lambar dannawa a madadin yatsa, abin da tun shekara biyu da suka wuce ba zai ci masa minti biyar ba. Aka ce sai an zauna a kai, ya jira sati mai zuwa.

Da gari ya sake wayewa, bakwai da minti arba'in, ya hango ta a allo ta sauka a bakin titi, tana goga babban yatsanta a gefen hanci tun daga nesa, ko na'urar za ta ji tausayinta yau. Akwai maɓalli a teburinsa da ke wangale ƙofar daga nan, na ranar gaggawa. Ya ɗora yatsa a kai ya danne. A sakan na goma sha shida ƙararrawa ta kama tsuwa, ya bar ta tana yi. Inna ta iso ta tarar da ƙofa a buɗe ba kowa a jikinta. Ta tsaya, ta waiga hagu da dama, sannan ta ɗaga kai ta dubi kyamara.

Sai da ta shige ya saki. Ya jawo takardar rahoto, ya rubuta sunansa a gurbin mai laifi.