Tabo a Ƙodar Doina

"Mama, me ya sa cikina ya yi baƙin tabo? Datti na ci?"

Doina ce, 'yata mai shekara biyar, tsaye a bayana tana kallon kwamfuta. Hoton ƙodarta ne a kan allon, wanda aka ɗauka a asibitin garinmu aka ba ni a wata siririyar takarda mai santsi. Na sa shi a sikana, injin da ke kwafe takarda zuwa kwamfuta, na tura wa likitan ƙoda a birnin Cluj, bai jima ba ya kira ni. Ya ce yana ganin tabo a ƙodar hagu, kuma likitanmu bai ambace shi ba. In sake turo hoto mai kyau kafin ya tashi daga aiki. In tabon yana nan, gobe in kawo ta a kwantar da ita.

"Ba ki ci komai ba, 'yar Mama. Je ki wurin Kaka."

Na danna maɓalli. Kwamfuta ta ce ba ta ga sikana ba. Na sake dannawa, shiru. Na durƙusa ƙarƙashin tebur. Wayar sikanar tana haɗe da wata doguwar waya da mijina Sorin ya ƙara mata kafin ya tafi aiki Italiya. Na cire ƙarin, na jawo injin kusa, na soka wayar kai tsaye a bayan kwamfuta. Na kashe duka biyun na kunna.

Surukina Gavril ya leƙo daga kicin, Doina tana riƙe da wandonsa.

"'Yata, ki ɗan buge shi a gefe. Haka na yi wa talabijin har ta tsufa."

"Baba, don Allah."

"To, masu boko. Na yi shiru."

Fitilar sikanar ta kama. Na juya takardar, sama ya koma ƙasa. In gilashin ne mai datti, tabon zai bar ƙodar. Hasken ya ratsa a hankali kamar da gangan, hoton ya fara fitowa layi-layi.

Tabon yana nan a kan ƙodar. Sai na ga wani kuma, sabo, can a ɗaya gefen inda babu ƙoda babu komai, rubutun kwanan wata ne kawai.

Na ɗaga murfin na ɗauko takardar. Tabo biyu ne a jikinta, na biyun da ɗan laima. Na shafa bakin gilashin, yatsana ya jiƙe. Na shinshina. Tsuika, barasar da Baba yake dafawa a bayan gida.

"Baba, ka taɓa injin nan?"

"Na goge miki shi da safe. Hoton jikata zai hau kan ƙura? Na zuba masa barasa mai ƙarfin, ba wadda nake ba maƙwabta ba."

"Zubawa ka yi?"

"Da ita uwata take wanke taga da ciwo, ba wanda ya mutu."

Ashe barasar ta taru a ƙarƙashin robar da ke bakin gilashin, duk sanda aka rufe murfin sai ta tsattsafo. Na ɗiga kaɗan a farin gefen takardar. Nan take wurin ya yi baƙi.

Na kira likita na faɗa masa. Ya ce wannan takardar ta tashi aiki, a sake ɗaukar hoton a garinmu, ba sai mun zo gobe ba. Baba ya zauna a kujera, ya cire hula.

Ke da kike da irin wannan hoton a jakarki, kada ki bari barasa ko turare ko ruwan goge hannu su kusance shi. Kuma kada a zuba komai a kan gilashin sikana. A jiƙa tsumma kaɗan a goge, a bari ya bushe sarai kafin ki ɗora hoton ɗanki.