Layi Biyu a Bayan Kulu

A Sara aka wayi gari ana cewa wai Kulu mai fura ƙashin baya biyu gare ta. Wai kwamfutar wani asibiti a Birnin Kudu ce ta tona, ta ja layi biyu a hotonta, ɗaya na mutum, ɗayan kowa ya ƙarasa da abin da ya ga dama. Mata suka daina aike gidanta.

Ni kimiyya na koyar har na yi ritaya, kuma tun muna yara nake cuɗa wa Kulu bayan nan a rafi.

Na tarar da ita gaban ƙwarya cike, ƙudaje ne kaɗai masu ciniki.

"Tashi, mai baya biyu, mu koma."

"Malama, ki ƙyale ni. Ciwo ya kai ni, na nuna wa maƙwabciya hoton, shi ke nan."

"Ɗayan ma da ƙyar kike ɗaukarsa. Sa mayafinki."

A asibitin, Khuzaima, ma'aikaciyar ɗakin hoto, ta buɗe mana hoton. Ta ce kwamfutar an nuna mata bayan mutane ne birjik, har ta koyi neman abu mai gaɓa-gaɓa a jere ta bi gefensa da layi. Na biyun siriri ne, ya tsaya a tsakiyar baya.

"Shi ya sa na ce Inna ta dawo a sake. Ba ta dawo ba."

Na bi Kulu bayan labule za ta canza riga. Sai na ga ta kama wani abu a wuyanta ta wurga shi baya, cikin rigar.

"Mene ne wannan?"

"Na maigidana Maikano ne. Tun da aka kai shi makwanci ban cire ba. Sarƙa aka ce a cire, wannan ai ba sarƙa ba ce."

"Kawo. A hannun dama zan riƙe miki."

Ta daɗe kafin ta miƙo. Ta bayan gilashi nake tsaye, hannuna take kallo har aka gama.

Da muka koma Sara na ɗauki furarta na shiga gidan suna, na ajiye a tsakiyar mata. Na ce ƙashin bayan Kulu ɗaya ne, ya ɗan goge daga ƙasa saboda tsufa. Na biyun carbin mijinta ne mai 'ya'yan ƙarfe.