Batirin Zuciyar Harry

Dakta Sunusi Uba GP ne, wato likitan unguwa, a Moss Side, kuma shi ne shugaban Zumuntar 'Yan Arewa ta Manchester tun shekarar da aka daina yin zaɓe. Wata Talata cikin hunturun 2013, yana cin sandwich a mota kafin ya koma duba marasa lafiya, wata mata ta kira shi. Ta gaishe shi da Hausar Jos, ta ce sunanta Kaneng, tana aiki a wani gidan masu shirya gawa da ke Ladywood a Birmingham.

Ta ce an kawo musu wani dattijo da ya rasu shi kaɗai a flat ɗinsa. Harry maƙwabta suke ce masa, ba a sami danginsa ba, don haka council, wato ƙaramar hukuma, ce za ta yi jana'izar. A shekarun nan na tsuke bakin aljihu, wanda ba shi da kowa ƙona shi ake yi don ya fi araha, sai fa in an san ba zai so haka ba. Kafin a ƙona kuwa dole a cire pacemaker, na'urar nan mai batir da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya, domin in ta ji wuta fashewa take yi ta lalata murhun. Aikin Kaneng ke nan: ta ɗan tsaga fatar, ta zaro na'urar, ta ɗinke. Ta ɗauki wuƙar ke nan sai ta lura da tsagar Gobirawa a kumatunsa, ta dushe cikin furfurar gemu, ga kuma wata tsohuwar laya a ƙugunsa.

"Likita, na ajiye wuƙar," in ji ta. "Muddin batirin na jikinsa ba mai sa shi a wuta. Oga ya ba ni zuwa Juma'a. Mutum ɗaya kawai ake buƙata ya zo ya shaida cewa Musulmi ne."

Sunusi ya yi salati, ya ce wannan babbar magana ce, ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya kira taron gaggawa.

Ranar Laraba da yamma falonsa na Whalley Range ya cika, don an ji cewa matarsa Turai ta yi waina. Injiniya Falalu, mataimakin shugaba, ya buɗe kundin tsarin mulkin zumunta, ya karanto sashen da ya ce jana'izar mamba kaɗai ake ɗauka, mamban ma mazaunin Manchester. Ya ce wannan gawar 'yan Birmingham ce. Aka kira 'yan Birmingham. Su kuwa tun rigimar ganin watan bara suka rabu gida biyu, kowane ɓangare ya ce Ladywood a yankin ɗaya ɓangaren take. Wani ɗalibin PhD ya ɗaga hannu ya ce tsage ba hujjar Musulunci ba ce, akwai papers a kan haka, a ba shi sati biyu ya yi literature review.

Ana cikin haka Falalu ya tambaya ko batirin kaɗai ake cirewa. Sunusi ya ji an zo fagensa, ya gyara zama. Ya ce ƙarafan gwiwa da na ƙugu ba a taɓa su, tare da mutum ake ƙonawa, daga baya a tsince su cikin toka, in dangi sun yarda a narkar, abin da aka samu a ba ƙungiyoyin agaji. Falalu, wanda bara aka sa wa ƙugun ƙarfen titanium bayan ya tsufa a waiting list ɗin tiyata, ya dafe kwatangwalonsa.

"Wato ƙugun nan nawa aro ne?"

Sunusi ya ce ba haka yake nufi ba, amma ina, magana ta riga ta fita. Wani akanta ya ce gwamnatin da ta rufe library ɗin unguwarsu, take ƙirga wa talaka ɗakunan kwana don ta rage masa tallafin haya, ba za ta bar titanium ya kwana a ƙasa ba. Wani ya tuna haƙorin Makkan surukarsa. Kafin a kira isha'i an kafa kwamiti biyu, ɗaya na gawar, ɗaya na ƙarafan jikin mambobi, na biyun ya fi samun masu sa kai.

Duk wannan Turai tana ji daga kicin. Ta ɗauki wayar mijinta ta kira Kaneng, ta tambayi shekarun mamacin da sunan da ke takardunsa. Kaneng ta ce Harry Nuru. Turai ta kira wata tsohuwa a Moss Side wadda ta zo ƙasar tun shekarun saba'in. Tsohuwar ta ce Halliru ne, dogo, Bagobiri, ya zo karatun masaƙa da scholarship. Shi ya kafa zumuntar nan a ɗakinsa, shi ya rubuta kundinta. Da aka yanke masa scholarship ya kama aiki a gidan burodi a Birmingham, ya kasa zuwa taro, sai aka kore shi da dokar da ya rubuta da hannunsa. Tun daga nan ba ta sake jin duriyarsa ba.

Turai ta shigo falo da tiren shayi, ta ajiye, ta faɗi wannan a tsaye. Falalu ya rufe kundin a hankali ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa.

Kafin gari ya waye marigayin ya zama Uban Zumunta a WhatsApp. Mutanen da ba a haife su ba lokacin da ya bar Manchester suka riƙa tuna haƙurinsa. Ɓangarorin Birmingham biyu kowanne ya gano cewa ashe Ladywood tasa ce tun asali.

Ranar Alhamis Sunusi da Turai suka je Birmingham. Ma'aikaciyar council, wata baturiya da gajiya ta cika wa ido, ta saurari shaidar Sunusi ta ce abin da take jira ke nan tun farkon sati. Kaneng ta kai su ɗakin sanyi ta buɗe fuskar. Sunusi ya ga gawa ba adadi a aikinsa, amma ya daɗe yana kallon tsagar nan. Kaneng ta ce tun da binnewa za a yi, ba sai an taɓa ƙirjin ba, da batirinsa zai tafi.

Aka yi masa wanka a masallaci, aka sallace shi bayan Juma'a, limamai biyu suka ɗan yi ja-in-ja da murmushi kafin ɗaya ya shige gaba. A maƙabarta Falalu ya ɗingiso wajen Kaneng, ya rage murya, ya roƙe ta in tasa ta zo ta sa ido a kan ƙugunsa.

"Ranka ya daɗe, kai ai binne ka za a yi," ta ce.

Ya ce haka ne, amma dai ta riƙe lambarsa.

Can gefe wata tsohuwa 'yar Jamaica take tsaye cikin baƙar riga, riƙe da kwando mai murfi. Celestina ce, maƙwabciyarsa, wadda ta yi shekaru tana kai masa miya. Sunusi ya yi mata godiya da sunan zumunta, sannan ya tambaye ta me ya hana marigayin neman mutanensa da ya ji jiki.

Ta ce ta sha yi masa wannan tambayar. Amsarsa kullum ita ce kada ta kira su, taro za su yi.

Ta miƙa masa kwandon. Kyanwar Harry ce a ciki, wani jibgegen muzuru. Ita za ta koma gidan 'yarta mai asma, ba ta da inda za ta kai shi, tun da kuwa dangi sun bayyana, ga gadonsu. Turai ta tambayi sunansa.

"Chairman," in ji Celestina. Ta ce Harry ne ya raɗa masa, wai don ba ya komai sai hawa kujera da jiran abinci.

Turai ta rufe baki da mayafi, ta karɓi kwandon tun kafin mijinta ya sami abin cewa. A hanyar komawa muzurun ya yi ta kuka har suka wuce Stoke, Sunusi kuma yana atishawa yana tuƙi. Suna isa gida yara suka yi caa a kan kwandon, ƙaramar tana tambaya da Turancin Manchester ko za a bar shi ya kwana a ɗakinta. Sunusi ya buɗe baki zai ce sai an yi shawara, ya fasa, ya ce ta tambayi mamanta.