Itacen Uwar Yara

Tsaki ne ya tashe shi, dogo, daga tsakar gida. Tsohon direba ya zauna a bakin gado yana saurare. Rabon da a ja irin wannan tsakin a gidan tun rasuwar uwar yara, shekara uku ke nan. Da ya leƙa da tocila, sai ya ga ashe durom ɗin banda ne, kitse ke ɗiga a kan garwashi. Ya tsaya har ya sake yi, ya ce masa to ya ji, sannan ya koma ya kwanta.

Sati biyu ke nan da mai walda ya ƙera masa durom ɗin, da ƙofar iska a ƙasa, raga a tsakiya, bututu a sama. Direba bai taɓa kyafe ko fiffiken kaza ba a rayuwarsa, amma ya dage sai an lanƙwasa bututun kamar gwiwar hannu. Da mai walda ya tambayi dalili, ya ce haka yake son kayansa.

Dalilin yana bayan katanga. Can mai wanki yake shanya zannuwan wani otal, farare fat. Bara, direba yana kwance a asibiti an yi masa aikin ido, mai wanki ya hau katanga da adda ya sassare gwaibar da uwar yara ta shuka, wai tsuntsayen cikinta na ɓata masa shanya. Bishiyar ba ta ƙara toho ba. Da aka yi masa magana, cewa ya yi, "Haba Baba, ai itace ne."

To, itace ne. Direba ya faskara shi, ya jera a ƙarƙashin gado, yana jiran rana.

Karon farko ya jiƙa itacen, ya ɗora a kan gawayi, ya toshe ƙofar iska. Farin hayaƙi ya turnuƙe, ya tsallaka katanga kamar an aike shi. Direba ya jiyo tari, ya jiyo ana kwashe shanya ana ƙunƙuni, daɗi ya kama shi har ya manta da shayinsa. Naman kuwa ya fito baƙi ƙirin, da ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Kyanwa ta shinshina ta kama gabanta. Karo na biyu ma haka. Na daren nan shi ne na uku.

Da safe autarsa ta biyo daga aikin kwana, da rigar asibiti a jikinta. Ta gutsiri naman, ta tofar a tafin hannu, ta tambaye shi ko taya ya gasa. Ya ce ɗan koyo ne shi, a yi masa uzuri. Ta durƙusa neman takalmin wanka a ƙarƙashin gado, ta ɗago a hankali.

"Baba, guntu uku suka rage. Na Mama ne fa."

Ya ce ya sani. Ya riga ya leƙa ta ramin katanga, ya ga yau igiya shida aka cika, zannuwa har suna share ƙasa. Irin ranar da yake jira ke nan. Ya hura sabon gawayi, ya jera sauran naman, ya kwaso guntayen uku ya zuba gaba ɗaya, ko jiƙa su bai tsaya yi ba. Sai dabara ta zo masa: a mota, in kana son ta yi hayaƙi sosai, taka mata wuta kake yi. Ya sa ƙafa ya wangale ƙofar iska.

Garwashi ya yi ja. Farin hayaƙin ya yi tsalle sau ɗaya, sannan ya fara sirancewa, ya koma shuɗi-shuɗi, har sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Direba ya fifita da murfin tukunya, ya zagi durom, ya zagi mai walda da wanda ya koya masa walda. Ya kai hannu zai zaro itacen, zafi ya kore shi. Yana tsaye guntayen suka cinye.

Wani ƙamshi ya cika tsakar gida, mai zaƙi-zaƙi, irin na gindin bishiyar in 'ya'yanta sun nuna sun zubo. Auta ta zauna a kan bokiti. Hayaƙin ya bi lanƙwasar bututu ya ratsa zannuwan, bai bar ko ɗigo ba.

Can sai ga kan mai wanki a saman katanga, da kumfa har gwiwar hannu, yana buɗa hanci.

"Baba, sannu da aiki. Yau kam ka gano kan abin. Don Allah, wane irin itace ne wannan?"

Auta ta dubi takalminta. Direba ya dubi kututturen da ke jikin katanga. A cikin durom kitse ya ɗiga, ya ja tsaki.