Kalmar da Likita Ta Faɗa wa Orest

Larysa Hrycak tana aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kayan ɗaki a birnin Saskatoon, inda kusan kowane saƙo ke shigowa da jar alama a kansa. Tawadar firinta ta ƙare, abin gaggawa ne. Kujera ta isa gidan mai ita da karyayyar ƙafa, wannan ya fi gaggawa. Manajanta Brent yana da kalmomin Turanci iri-iri na nuna cewa abu ya ɓaci, yana canza su kamar riga, har ta koyi auna su da kanta. In ya rubuta mata "critical", ta san za ta iya shanye kofinta tukuna.

Wata Laraba ta dawo daga cin abincin rana, ta tarar mahaifinta ya bar mata saƙon murya.

"Larysa, ni ne. Ba wani abu ba ne. In kin samu sarari ki kira ni, akwai wata kalma da nake son tambayarki."

Ta sake saurara. Orest Hrycak manomin alkama ne mai 'yan shanu a kusa da garin Wakaw, kuma bai taɓa kiran ta a lokacin aiki ba. Shekarar da rumbun ciyawarsa ya ƙone ƙurmus, abin da ya ce mata shi ne an ɗan yi hayaƙi a gona. Ta kira shi, bai ɗauka ba. Sai ta kira ƙanwarsa, Gwaggo Halya.

"Kalma?" in ji Halya. "Orest? Mutumin da tun muna yara in ya yi magana goma a yini sai mu ce zazzaɓi yake yi? Me zai yi da ƙarin wata?"

"Shi ne nake tambayar ki, Gwaggo."

"Ya ce ba wani abu ba ne?"

"Haka ya ce."

"To ɗauki makullin motarki."

Larysa ta leƙa ofishin Brent ta ce za ta je gida. Ya ɗaga kai ya tambaye ta ko abin na gaggawa ne. Ta ce abin da za ta je ta gano ke nan.

A hanya, gonakin da aka girbe suna wucewa hagu da dama, ita kuwa tana ta juya zancen. Wace kalma ce za ta gagari mutumin da ya shekara saba'in yana sauraron rediyo da Turanci? Da ta isa gonar, ta same shi a rumfar tarakta, hannayensa baƙi da mai, yana zaune a kan juyayyen bokiti. Zaman nan ta fara lura da shi, don ba ta saba ganin sa a zaune da rana ba.

"Kira na ce ki yi, ban ce ki ƙona fetur ba."

"Na kira, Baba, ba ka ɗauka ba. Wace kalma ce?"

Ya goge hannu da tsumma a hankali. Ya ce kafin girbi ya je asibitin gari saboda numfashinsa yana ɗan yankewa in ya hau tsani. Likita ta auna shi, ta ce za ta tura shi wurin likitan zuciya a birni, kuma abin "urgent" ne, wato na gaggawa.

"Sai na tambaye ta, imajensi ce? Ta ce a'a, ba imajensi ba ce. To ni nan ne kaina ya ɗaure. Ke kullum kina ba ni labarin yadda a wurin aikinku suke faɗin wannan kalmar a kan tawada. Na ce to ko ta likitoci ma irin taku ce. Wacce ce babba a cikinsu?"

"Sun kira ka daga birnin?"

"Sun kira. Na ce musu sai an gama girbi."

Larysa ta so ta yi faɗa, amma gaskiya ita ma ba ta san amsar ba. Ta ciro waya ta kira asibitin, ta buɗe murya yadda shi ma zai ji. Wata nas mai suna Corinne ta ɗauka, Larysa ta ba ta labarin mahaifinta, ta tambaye ta bambancin imajensi da "urgent".

"A wurinmu," in ji nas ɗin, "imajensi tana nufin yanzu-yanzu, a kira motar asibiti. Ɗayar kuma tana nufin cikin 'yan kwanaki, kada a bari ta zama ta farkon. Yaushe aka faɗa masa?"

"Watan Agusta," in ji Larysa.

Nas ɗin ta ce, "Yana kusa da ke?"

"Ina jin ki," in ji Orest.

"Malam Hrycak, ƙirjinka yana ciwo yanzu?"

"Yana ɗan nauyi dai, tun safe."

"To ka samu ƙarin girma. Yanzu kai imajensi ne. Kada ka tuƙa, ga mota nan zuwa."

Orest ya kalli 'yarsa, fuskarsa cike da mamaki. "Ashe hawa ake yi daga wannan zuwa waccan."

Washegari a Saskatoon aka sa masa ɗan bututu a jijiyar zuciyar da ta kusa toshewa. Likitan da ya yi aikin ya ce wa Larysa sun zo a kan gaɓa, bai ƙara komai ba, ita ma ba ta nemi ƙarin bayani ba.

Da yamma Halya ta iso da kwanon miyar kabeji a nannaɗe cikin tawul. Ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallon yayanta cikin rigar asibiti.

"Dube shi, kamar tsohon zakara da ruwa ya doka."

"Wa ya ba shanun ruwa?" in ji Orest.

"Maƙwabcinka Pavlo. Ya ce in gaya maka taraktarka ma ya gyara, wai kusoshin da ka ɗaura duk a baibai suke."

Orest ya yunƙura zai tashi zaune, Larysa ta dafa kafaɗarsa ta mayar da shi kan filo. Ya karɓi cokali yana ƙunƙuni, ya ɗanɗana miyar, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

"Da gangan ne," in ji Halya. "Ka fara sabawa."