Ƙwaro Mai Wutsiya Biyu

Da farko na ɗauka ɗan maraƙi ne ya faɗa taɓo. Tsut, fat. Tsut, fat. Sai ya tsaya, sai ya ci gaba. Ina kwance ina lissafa dabbobin da na sani, ban sami wadda tafiyarta ke yin haka ba. Na taɓa jin labarin wani kifi mai fitowa tudu ya yi kiwo, har raina ya fara murna ko shi ne ya kawo mini ziyara. Na yaye bargo na leƙa ta taga.

Ashe Jairos ne, maƙwabcina. Dogayen takalmansa na roba ne suka cika da ruwa suke wannan kukan. Ragar koma a kafaɗa, matacciyar tocila a hannu, ya jiƙe har ƙirji. A watan Yuni fa, tsakiyar sanyin ƙasarmu, lokacin da raɓa ke daskarewa a kan ciyawa.

"Kefas," in ji shi, haƙoransa suna karo, "ban gan shi ba. Na juya duwatsun ƙarƙashin gada kaf. Santsi ya kwashe ni."

Na ce, "Wanka ne Allah ya nufe ka da shi. Shekara nawa rabonka?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na rufe taga na koma na kwanta. Ni na aike shi can.

Ni ne sahwiran Jairos, kamar yadda ubana ya kasance na ubansa. Abokin wasan da ba a fushi da shi ke nan. In shiga gidansa in kama kaza, in zage shi gaban surukansa, ba mai cewa don me. Ranar da ya mutu kuma ni zan wanke shi, ni zan sa masu kuka dariya. Shekara sittin muna a haka, shinge ɗaya ya raba mu, kogin Nyatsanza yana wucewa ta bayan lambunanmu. Ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu sai da ƙungiyar Abokan Kogi ta zo.

Masu haƙar zinariya sun bar mana kogin ja wur, ko saniya sai ta shinshina ta juya. Wata yarinya 'yar garinmu, Ruvimbo, ta dawo daga jami'a ta tara mutane. Suka cike ramuka, suka dasa itatuwa a gaɓa, suka kwashe leda da kwalabe buhu-buhu. A shekara ta huɗu har sun share wani gurbi yara suna iyo da tsoffin tubun mota. Sannan ta ce tana neman dattijon da ya san ƙwarin ƙarƙashin duwatsu, ya riƙa koya wa 'yan makaranta kowace Asabar.

Kowa a garin nan ya san dattijon ni ne. A aji uku na bar makaranta, saboda malami yana magana ni ina kallon gizo-gizo a silin. Tun ina kiwo nake ɗaga duwatsu. Na san mai gina wa kansa gida da yashi ya riƙa jan sa, na san mai iyo a rigingine. Amma ranar taron zaɓen dattijon na tafi ƙauyen gaba kallon wata kabewa da aka ce ta fito da fuskar mutum. Da na je, kabewa ce kawai. Da na dawo, an ba Jairos koriyar riga mai hoton kifi, da takalman roba, da koma, da farin faranti, da kati mai hotunan ƙwari. Shi ya gama firamare, ya yi akawu a gonar shayi, yana iya karanta sunayen da ke jikin katin.

Kowane ƙwaro a katin da makinsa. Tsutsa da matsattsaku kaɗan ne nasu, don ko a kwata suna rayuwa. Can saman katin akwai wani ɗan fale-fale, ruwan ƙasa, mai zane a baya kamar an yi masa ado, wutsiyarsa biyu. Shi ba ya zama sai a ruwan da ya tsarkaka. Ruvimbo ta ce ranar da aka gan shi a Nyatsanza, ranar kogin ya warke. Shekara uku Jairos yana nemansa.

Kowace Juma'a da yamma sai ya leƙo ta shinge. "Kai mahaukaci, wannan mai ƙafafu kamar zare me yake ci?" In gaya masa. Washegari in jiyo shi a bakin ruwa yana gaya wa yara da muryar akawu, su kuma suna "Malamin Ruwa, zo ka ga nawa!" Ni kuwa Sekuru Mai Kabewa suke kirana, wato Kaka Mai Kabewa. In tsaya bayan ayabata ina kallon takalman nan. Ban taɓa sha'awar matar wani ko shanun wani ba, amma takalman nan har mafarkinsu na yi, wai suna tafiya su kaɗai zuwa ƙofata.

Bara, bayan damina, na ga ƙwaron nan mai wutsiya biyu. A ƙasan lambuna akwai wata 'yar maɓuɓɓuga da ke shiga kogin, da wani faffaɗan dutse a bakinta. Na ɗaga, sai ga su uku suna gudun haske. Taku arba'in ne daga shingen Jairos. Na mayar da dutsen yadda yake. Na ce zan gaya masa gobe, in na ɗan ja masa rai.

Kafin goben ta zo sai masu rediyo suka zo. Muna zaune a shagon Mutasa muka ji muryar Jairos daga akwatin yana cewa, "Ni tun ina yaro nake ɗaga duwatsu." Jairos, wanda ko kaguwa ya gani sai ya hau tudu! Mutane suka yi ta tafi. Shayin da ke hannuna ya huce ban sha ba.

Shi ya sa da ya leƙo a makon da ya faɗa ruwan ya ce Ranar Kogi saura sati biyu, manyan gunduma za su zo, yana so ya nuna wa yara shi ko sau ɗaya, sai na ji bakina yana cewa, "Ai da rana kake nema. Ba ya fitowa sai dare, ƙarƙashin gada, in sanyi ya yi sanyi."

Kwana uku bayan faɗawarsa ruwa aka kai shi asibiti, aka ce sanyi ya kama huhu. Suka riƙe shi kwana biyar, ya ce shi gida yake so. Na shiga duba shi da dafaffen dankali a kwano. Matarsa, Amai Chenai, tana bakin murhu tana tuƙa sadza, tuwon masararmu, ta ce, "Shiga ka ga abokin haukarka. Tsoho da jikoki, yana bin ƙwari cikin dare."

Yana kwance, ya zama ƙarami a cikin bargo. An wanke takalman an kifa su a bakin ƙofa, rigar tana rataye a ƙusa.

Na ce, "Ka mutu mana in gaji takalman."

"Za su yi maka yawa. Ƙafarka kamar ta kaza." Ya numfasa, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. "Kefas, ina ganin farin wata ne bai fito ba daren da na je. Ko?"

"Kila."

"Na san yana nan. Ka yi mini ƙarya a kan kaza, ka yi mini a kan mata, amma ba ka taɓa yi mini ƙarya a kan ruwa ba."

Na dubi dankalin. Na buɗe baki, sai ga sallamar Ruvimbo. Ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe mu, sannan ta ce, "Sekuru Jairos, na zo da albishir. Ƙungiya ta yanke, gurbin iyo sunanka za a sa masa. Har an ba mai fenti aikin allo."

"Sunana? Ni ko iyo ban iya ba."

"Wa ya san kogin nan kamarka, Sekuru?"

Jairos ya dube ni. Na jira. Wallahi na jira ya ce ni ne, har na ji tukunyar Amai Chenai tana huci a waje. Ya yi murmushi ya ce, "To, a rubuta da manyan baƙi, idon Kefas ba ya gani sosai."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Na tashi na ce zan dawo gobe. Ina fita na yi tuntuɓe da takalmi ɗaya, ban tsaya na gyara shi ba.

Washegari ban je ba, na zauna ina kallon wata tururuwa tana jan fiffiken fara ta hau bango ta faɗo. Jibi da hantsi ina cire ciyawa a lambu na ji Amai Chenai ta kurma ihu.

Na yi aikina. Na wanke shi, na rufe masa baki. Bai fi nauyin damin kara ba. Aka shimfiɗa shi a ɗakin girki, mata suka kewaye shi da ganga da waƙa. Mutane kuwa! Motoci biyu daga gari, shugaban makaranta da yara cikin layi, kowane yaro da reshen itace a hannu. Allon gurbin ma an kawo shi fentin bai gama bushewa ba. Na tsaya ina ƙirga kawuna, ina tunanin ranar tawa ko mutum ashirin za su zo. Ga shi kwance ba ya numfashi, amma har yanzu shi ke gaba.

Ranar binnewa da sassafe na zame na gangara lambu da kwalbar zuma wadda ba komai a ciki. Ruwan ya kama yatsuna kamar wuta. Na ɗaga dutsen. Suna nan, sun ma ƙaru. Na tura ɗaya cikin kwalbar da ruwa da ɗan tsakuwa, na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Kafin a ɗauki gawa, sahwira yakan sa kayan mamaci ya kwaikwaye shi, ya tona asirinsa, don masu kuka su sami numfashi. Amai Chenai da kanta ta miƙo mini rigar da takalman, idonta a kumbure. "Ungo. Ka yi masa yadda ya kamata."

Na sa. Ƙarya ya yi, ba su yi mini yawa ba, kamar an auna ƙafata. Roba mai sanyi har gwiwa. Na yi taku biyu a tsakar gida, kunya ta kama ni saboda daɗin da na ji.

Na rataya koma, na turo ciki, na yi muryar akawu. "Yara, ku natsu! Ni tun ina yaro nake ɗaga duwatsu!" Sai na yi kamar na ga kaguwa, na yi tsalle na ɗare kan turmi. Gidan ya ɓarke da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Shi ne wallahi, har gyaran wandon!" Na kwaikwayi yadda yake leƙo shinge yana satar amsa. Mutasa mai shago har da riƙe ciki. Amai Chenai ma ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

Na ɗebi ruwa a randa na zuba cikin takalman, na yi tafiya. Tsut, fat. Tsut, fat.

"Wa ya aike ka gada cikin dare, tsohon banza?" na tambayi ƙofar ɗakin girki. Na juya na buga ƙirji. "Ni! Ni na aike shi! Na ce masa sai dare, ya kuwa tafi!"

Dariya ta fi ta ɗazu. "Kai, Kefas, ba ka da dama!" Sahwira ai komai ya faɗa wasa ne.

"Da gaske nake," na ce.

"Mun ji, mun ji!" in ji Mutasa yana share hawaye.

Sai na ɗauko farin farantin na ajiye a ƙasa, daidai bakin ƙofar da yake kwance. Na zaro kwalbar daga aljihu na juye. Ruwan ya kwanta. Ɗan abin ya tsaya a tsakiyar farin, ya motsa ƙahonninsa.

Yaran suka matso. Ruvimbo ta ratsa su ta durƙusa, ta zaro gilashinta na duba ƙwari. Na ga leɓɓanta suna ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Ta sake ƙirgawa.

"Sekuru Kefas," ta ce, "a ina?"

"Ƙasan lambuna. Wajen maɓuɓɓuga."

"A Nyatsanza? A cikin koginmu?"

Na gyaɗa kai. Wata yarinya ta fara tafi, ta ga ba wanda ya taya ta, ta daina. Masu ganga sun ɗora hannu a kan fata.

Amai Chenai ta taso a hankali, tana dafa bango. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta ɗaga kai ta dubi shingen, ta dubi gangaren lambuna, inda ake hango faffaɗan dutsen daga nan tsakar gida. Ta dubi takalman mijinta a ƙafata, ruwa yana tsiyaya daga bakinsu.

"Kefas," ta ce, ba da ƙarfi ba, "yau ka gan shi, ko ka daɗe da sani?"

Masu ɗaukar akwati suna tsaye a ƙofa suna jira. A cikin farantin, ƙwaron ya zagaya gefe sau ɗaya yana neman inuwa, sannan ya shige ƙarƙashin ɗan tsakuwan, wutsiyoyin biyu a waje.